Naman guzuma, burodin jiya da kofin romo

 Wannan shi ne bayanin da muka yi a filin girki na makon jiya. Mun rubuto shi ne saboda waɗanda ba su samu ji ba, da kuma waɗanda suka ce batir ya mutu musu ana tsakiyar faɗin awon kaya.

Mafarin zancen, wani direban babbar mota da ke jigila tsakanin Maraɗi da Katsina ne ya aiko mana da tambaya. Ya ce suna zaune suna jiran a duba takardu, yaron motarsa ya nuna masa wani bidiyo a waya: Bature ya tsaga dogon burodi, ya cusa nama yankakke siriri-siriri, sannan ya riƙa tsoma shi cikin ɗan kofin romo yana ci. Ya ce tun ranar yawunsa bai tsaya ba. Da ya koma gida ya sayi tsoka zalla mai tsada, uwargida ta dafa, nama ya fito kamar igiya, romo kuma kamar ruwan wanke tukunya. Shi ne yake tambaya, shin naman Turawa ne daban, ko kuwa wata tukunya ce da mu ba mu da ita?

To, malam direba, ka kwantar da hankalinka. Naman nasu daban ne, gaskiya ne, amma a wannan girkin namu ya fi nasu dacewa. Inda aka samu kuskure shi ne wurin zaɓen yanka da wurin wuta.

Abincin da ka gani ɗan Amurka ne. Can suna ce masa French dip, wato kamar ka ce "tsomen Faransa", ko da yake ba daga Faransa ya fito ba. A birnin Los Anjeles na jihar Kalifoniya aka fara shi, kuma gidajen abinci biyu ne suka daɗe suna jayayya a kan wanda ya riga. Ɗaya sunansa Cole's, masu shi suka ce a 1908 suka fara yi. Ɗayan kuma Philippe's, wanda wani Bafaranshe mai suna Philippe Mathieu ya kafa. Su labarinsu shi ne a 1918 burodi ya suɓuce masa ya faɗa cikin kaskon da aka gasa nama, mai sayen, wai ɗan sanda ne, ya ce a bar masa haka nan, washegari ya dawo da abokansa suna neman irinsa. Ko wanne ne mai gaskiya, mu dai ba mu je rabon gardama ba. Abin da ya shafe mu shi ne kayan haɗin uku ne kacal: naman sa, dogon burodi mai ɓawo, da ruwan da naman ya dahu a ciki. Su gidajen abincin gasa naman suke yi a tanda, amma matan gida da dama a can dafa shi suke yi a wata tukunyar lantarki mai sanyin wuta, irin wadda kamfanin Rival ya fito da ita a 1971 da sunan Crock-Pot. Mace ta zuba nama da safe ta tafi aiki, bayan awa takwas ta dawo ta tarar ya nuna. Wannan aikin kuwa tukunyar ƙasa da garwashi sun daɗe suna yin sa a gidajenmu. Dogon burodin ma ba baƙo ba ne. Duk wanda ya karya kumallo a Ƙonni ko Damagaram ya san shi, shi ne Faransawa suka bar wa Nijar.

Abin da ya sa naman namu ke tauri

Ku makiyaya kun fi kowa sanin wannan. Sa a Amurka, wanda ake kiwo don yanka, yawanci bai cika shekara biyu ba ake kai shi mayanka, kuma watanninsa na ƙarshe a tsaye yake yin su yana cin masara. Bayan an yanka sai a ajiye naman a ɗakin sanyi kwanaki har ya saki jiki. Namu fa? Saniya ta yi shekara goma tana tafiya, da damina ta yi arewa, da rani ta yi kudu, ta haihu shida ko bakwai, sai da haƙora suka zube aka kai ta Maigatari ko Mai'aduwa. Ko kuma takarkari ne da ya gama jan amalanke da garmar huɗa. An yanka da asuba, kafin azahar yana tukunya, a daidai lokacin da nama ke sandarewa bayan yanka. Ina zai yi laushi a minti arba'in?

Amma ku dubi naman da kyau. Wannan farin tantanin da ke lulluɓe da tsoka, da jijiyoyin da ke ratsa ta, su ne ke ɗaure da naman, kuma yadda dabba ta tsufa ta sha aiki haka suke ƙara ƙarfi. Masana suna kiran sinadarin da ke cikinsu kolajin. Halinsa ɗaya ne: in ya sha zafi cikin ruwa na tsawon awanni, narkewa yake yi ya koma danƙo. Kun san romon ƙafar sa in ya kwana da sanyin hunturu, yadda yake kama jikinsa yana rawa a kwano? To shi ne wannan. Shi ke sa romo ya yi jiki, ya kama leɓe, ya manne wa burodi maimakon ya jiƙa shi kawai. Tsoka zalla ba ta da shi sosai, shi ya sa romon malam direba ya fito tsararo. Kuma tsohuwar dabba ta fi ƙaramar ɗanɗano nesa ba kusa ba. Romon maraƙi ko kusa bai kama ƙafar na guzuma ba.

Sai dai akwai sharaɗi. Zaren tsoka shi ma yana da nasa halin: da zafi ya yi masa yawa sai ya takure, ya matse ruwan jikinsa waje. In tukunya tana ɓararraka, wuta na lasar murfi, tsokar za ta bushe tun kafin jijiyar ta narke. Abin da ake so shi ne zafin da bai kai tafasa sosai ba. Ruwa yana tafasa ne a ma'auni 100, mu kuwa muna son ya tsaya tsakanin 85 da 95. Ba sai kun nemi ma'auni ba, ido ya isa: ruwan ya riƙa ɗan motsi, ƙwayar kumfa na tasowa ɗaya-ɗaya, kamar tukunyar tana numfashi. Hausawa da suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa, ni dai ina zargin naman guzuma suka gani.

Wane yanka za a saya

In kun je wurin mahauci, kada ku ce ya ba ku tsokar cinya ko ta gadon baya. Waɗannan na tsire ne da kilishi, ku bar wa masu su. Ku nemi karfata, ko wuya, ko ƙirji, ko naman ƙwauri. Duk wuraren da dabba ke aiki da su ke nan, kuma sau da yawa sun fi araha. Ni a wurina karfata ce gaba, don tana da tsoka da jijiya da ɗan kitse daidai wa daida, kuma tana yankuwa da kyau bayan ta nuna. Ƙirji ya fi kitse, yana kuma son lokaci fiye da sauran. Ƙwauri shi ne sarkin romo, amma yakan wargaje, don haka ya fi kyau a haɗa shi da wani. Tozo fa? An tambaye mu. Tozo daɗi gare shi, sai dai in shi kaɗai ne romon zai zama mai zalla, mutum ya ci loma uku ya gundure shi. A sa ɗan yanki kawai in ana so.

Abu na biyu, ku hana mahauci ya daddatsa. Mun saba da ya sa gatari ya farfasa komai ƙanana da ƙashi. A nan manyan gunduwa ake so, kowace kamar dunƙulen hannu biyu, don a samu abin yankawa daga baya. Ƙashin ɓargo kuma ya sare muku shi daban, biyu ko uku. In watanda kuka shiga, ko naman suna ne ya zo muku a gauraye, ba laifi, ku tsince manyan ku ajiye ƙananan don miya.

Kafin mu wuce, ga wata magana da ba ma gajiya da maimaitawa, musamman ga mutanen ruga. Doguwar dahuwa tana gyara nama mai tauri, amma ba ta gyara naman dabba mai cuta. Saniyar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko ta dubura, wannan ko feɗe ta kada a yi, a kira malamin dabbobi. Mai feɗewa da mai ɗaukar fata su ne cutar ke fara kamawa, tun kafin a kai ga tukunya. Haka dabbar da aka yi wa allura kwanan nan. A jikin kwalbar maganin akwai adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka, kuma wuta ba ta da tabbacin kashe ragowar maganin. Romon ma shi zai kwashe. Mun san asara da ciwo, amma ta saniya ɗaya ta fi sauƙi.

Kayan haɗi, na gida mai mutum takwas

Nama kilo biyu, ban da ƙashi. Kada ku ga kamar ya yi yawa, in ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ya tafi cikin romo. Albasa manya huɗu. Tafarnuwa dunƙule ɗaya. Ɗanyar citta kamar babban yatsa. Masoro ƙaramin cokali ɗaya, kanumfari ƙwaya uku ko huɗu, kimba sili ɗaya a ɗan fasa ta. Daddawa ƙwarya ɗaya ƙarama, tsamiya sili biyu a jiƙa a tace, gishiri, man gyaɗa ludayi ɗaya, ruwa kamar lita biyu. Dogon burodi huɗu, kowanne a raba biyu.

Wani zai ce ina daddawa ina abincin Amurka? Ai su ma suna da tasu. Akwai wani baƙin ruwan ɗanɗano na kwalba ɗan Ingila da suke ɗigawa a wannan romon, in ka karanta jikin kwalbar za ka ga tsamiya a ciki da ƙananan kifi da aka tsima. Aikin da yake yi musu, wato ɗan tsami da zurfin ɗanɗano, shi daddawa da tsamiya ke yi mana, ba tare da mun biya kuɗin kwalba ba. Wasunsu kuma suna zuba giya a tukunyar. Wannan ba ruwanmu da ita, kuma girkin bai rasa komai ba.

Kanumfari da kimba kuwa a yi hattara. Wannan ba farfesun mai jego ba ne. In suka yi yawa, bayan awa huɗu a wuta su kaɗai za a ji, naman ya ɓace. Attarugu ma kada a daka a zuba. A jefa guda ɗaya bai fashe ba, mai son zafi ya barbaɗa yaji a nasa. Tumatir da tattasai ba su da gurbi a nan, in suka shiga an koma miyar dage-dage.

Yadda ake yi

Uwargida, ki wanke naman, sannan ki tsane shi sosai da tsumma mai tsabta, ki shafa masa gishiri da masoro. Ki ɗora tukunya mai kaurin gindi, ta ƙarfe irin ta maƙera ta fi, ki zuba mai ya yi zafi. A nan kaɗai ake son babbar wuta. Ki sa gunduwa biyu ko uku, kada ki cika tukunyar, kuma kada ki yi ta juyawa. Ki bar kowane gefe ya yi ja sosai, ja mai duhu, kafin ki juya. In kika zuba duka a lokaci ɗaya ruwa zai fito, naman ya koma sulala, launin nan ba zai samu ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan matakin don sun saba da tafasa nama tukuna a soya daga baya. A nan juyawa ake yi, suya ce farko, kuma rabin daɗin romon daga nan yake fitowa.

In kin kwashe naman za ki ga gindin tukunya ya yi ƙanzo ja. Kada ki wanke! Dukiyar ke nan. In dai bai ƙone ya yi baƙi ba, ki rage wuta, ki zuba albasa uku da kika yanka siriri, da ɗan gishiri. Ruwan albasar zai ɗago ƙanzon. Ki yi ta juyawa jefi-jefi har ta yi laushi ta koma ruwan zuma, abin da zai ɗauki minti ashirin ko fiye. Ki kwashe rabi ki ajiye, ita za a sa cikin burodi. Sauran ki zuba mata tafarnuwa da citta dakakku da daddawa, ki juya kaɗan, ki mayar da nama da ƙashi, ki zuba ruwa.

Ruwan kada ya shanye kan naman. Ya tsaya kamar kashi biyu cikin uku na tsayinsa. Yawan ruwa shi ne kuskure na biyu da ya fi yawa bayan yawan wuta. Ki bari ya tafasa sau ɗaya, ki kwashe kumfar da ta taso, ki jefa kanumfari da kimba da attarugu da ragowar albasa guda a tsage, ki rufe.

Daga nan sai aikin wuta. Mai icce ta janye itacen ta bar garwashi, ta riƙa tura ɗan ƙaramin icce ɗaya lokaci-lokaci. Mai murhun gawayi ta barbaɗa toka a kan garwashin ta toshe ƙofar iska. A ruga, busasshiyar kashin shanu ta fi komai dacewa da wannan, don tana ci a hankali ba ta tashi da harshe. Masu tsoron cin makamashi su lura: bayan tafasar farko, wutar da ake bukata kaɗan ce ƙwarai, ba ta kai ta tuwon gidan biki ba. Murfi ya rufu ruf. In yana da gibi a ɗora dutse, ko a naɗe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. Duk bayan awa ɗaya a buɗe a juya naman, in ruwa ya ja sosai a ƙara mai zafi, ba mai sanyi ba.

Awa nawa? Naman bijimi matashi, awa uku. Na guzuma ko takarkari, huɗu zuwa biyar, wani ma ya haura. Akwai lokacin da za ki taɓa naman, wajen awa ɗaya da rabi, ki ji ya fi lokacin da yake ɗanye tauri. A nan ne mata da yawa ke karaya, su ce wannan naman ba ya jin wuta, su ƙara icce. Kada ki ƙara. Tsokar ce ta takure, jijiyar ba ta fara narkewa ba tukuna. Ki rufe ki tafi ki yi wankinki. Alamar nuna ita ce ki soka tsinke ko bakin wuƙa ya shige ya fito ba tare da naman ya riƙe shi ba. In ya kai yana zubewa da kansa an ɗan zarce, amma bai ɓaci ba, sai a yayyaga shi da hannu maimakon yanka. Ruwan tsamiyar a rabin awa na ƙarshe ake zuba shi, kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa. Ba a so a ji tsami, a dai ji romon ya farka.

Mai tukunyar nan mai kulle murfi da ke yin fito, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishe ta. Naman zai yi laushi, romon dai ba ya kai na garwashi tsabta.

Mun san gajerun hanyoyin da ake bi. Kanwa tana sa nama laushi, ba mu musa ba, amma tana baƙanta romo ta ba shi wani ɗanɗano kamar na sabulu, kuma a nan romon shi ne abincin. Ita kuwa ɗabi'ar jefa ƙwayar farasitamol a tukunya, da wasu masu sayar da abinci ke yi don nama ya nuna da wuri, wannan cutar da mutane ce kawai. Magani ne mai awo, yawansa yana lalata hanta, kuma mai ci bai san nawa ya sha ba, balle yaro ƙarami. Duk wanda ke yi ya ji tsoron Allah ya bari.

Yanka da tace romo

In ya nuna, ki sauke, amma kada ki tsamo naman nan take. Ki bar shi cikin ruwansa kamar rabin awa. Nama mai zafi in aka fito da shi iska ta buge shi, tururi zai tafi da danshinsa, ya yi baƙi ya bushe. In ya ɗan huce a ciki kuwa, yana sake shan romon, kuma ya fi yankuwa.

Wurin yanka akwai sirrin da masu kilishi da masu tsire suka sani. Ki duba gunduwar za ki ga zaren naman ya mimmiƙe ya nufi gefe guda, kamar zaren tabarma. Ki gicciya wuƙa ki datse zaren, kada ki bi tsawonsa. In kika bi tsawonsa, ko ya nuna luguf, mai ci zai ja burodi naman ya biyo haƙorinsa gaba ɗaya. A yanka siriri iyakar yadda wuƙa za ta iya, a zuba a kwano, a ɗiba romo ludayi biyu a zuba a kai, a rufe.

Romon kuma a tace shi da rariya. A ƙwanƙwasa ƙashin ɓargon ya faɗo, mai so ya shafa a burodi. A bar romon ya natsu minti kaɗan, kitse zai taso, a kwashe mafi yawansa da ludayi a ajiye don miyar gobe, a bar ɗan kaɗan yana kewaya a sama. Sai a ɗanɗana. In ya yi salam, a mayar wuta ba murfi ya ƙone kaɗan har ya yi ƙarfi. Gishiri da dunƙulen ɗanɗano sai yanzu ake daidaita su, don in aka cika tun farko, da ruwa ya ja sai ya zama ba ya shawuwa. Romon tsomi yana so ya ɗan fi na sha gishiri, saboda burodi zai rage masa kaifi.

Maganar burodi

Nan ne iyaka ta raba mu. Dogon burodin Nijar mai ɓawo shi ne ainihin abokin wannan girki: ɓawon yana riƙe shi, cikin kuma yana shan romo kamar soso. Kuma na jiya ya fi na yau. Kun san halinsa, in ya kwana ya zama sanda, mai shayi ya rasa yadda zai yi da shi, ya karyar da kuɗinsa ko ya ba awaki. To wannan sandar ita ake nema. A yayyafa masa ruwa kaɗan, a ɗora kan garwashi minti biyu, a tsaga ta gefe ɗaya kada a raba shi gaba ɗaya.

Burodin Najeriya mai laushi da zaƙi kuwa, gaskiya ba ya jure tsomi. Da ya taɓa romo sai ya narke a hannu, sukarin kuma ya yi faɗa da daddawa. In shi kaɗai ke akwai, a nemi marar zaƙi sosai, a yanka da kauri, a gasa a kasko da ɗan kitsen da aka kwashe har ya yi ƙaras-ƙaras gefe biyu. Gurasa ma tana yi, mun gwada, kuma mutanen Kano ba za su ga baƙon abu ba, tunda dama da romo suka san ta.

Sai haɗawa. A shimfiɗa albasar da aka ajiye, a jera nama a kai, a barbaɗa yaji in ana so. Kowa a ba shi ɗan kofinsa na romo mai zafi, irin kofin shayi ya isa. A tsoma, a ciza, a sake tsomawa. Kada a bar burodin ya zauna a ciki. A Philippe's su da kansu suke tsoma burodin kafin su miƙa maka, ka faɗa musu sau ɗaya kake so ko sau biyu, amma a gida kofi ya fi, kowa ya jiƙa daidai haƙorinsa. Tsofaffin da suka daina cin tsire sun fi kowa godiya. Amurkawa sukan ɗora cuku mai narkewa a kai. Cukunmu na Azbin da na Fulani ba ya narkewa haka, don haka ku ci shi da shayi, ku bar wannan yadda yake.

Ga matafiya da masu son sana'a

Wasu 'yan kasuwa sun tambaya ko za a iya guzurinsa. Ana iyawa, amma ba kamar kilishi ko dambun nama ba ne. Romo mai danƙo abinci ne ga ƙwayoyin cuta kamar yadda yake gare mu. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba wuta ba sanyi, kuma in za a riƙe shi da zafi, ya kasance sama da ma'auni 60, wato zafin da yatsa ba ya jurewa. Da zafin bazara irin namu, awa biyun ma ta yi yawa. Saboda haka direba ya zuba nama da romo tare, suna tafasa, a cikin kula mai riƙe zafi wadda aka ɗauraye da ruwan zafi, burodi kuma daban a takarda. Kada a haɗa tun daga gida, kada kuma a shafa mayonis a kulle a leda a jefa gaban mota. In aka buɗe kula aka ji ya koma ɗumi-ɗumi tun da daɗewa, ko yana ƙananan kumfa, ko ya yi tsami, a zubar. Sake tafasawa ba ya kashe kowace irin guba da ta riga ta taru.

Wadda ke son ta kafa tebur a tasha ko bakin kasuwar shanu, tsarin ya yi mata sauƙi. Ta ɗora tun dare, ta yanka da asuba, ta bar yankakken naman cikin romo a kan garwashi yana tururi har ya ƙare. Ta yi magana da mai gidan burodi a kan ragowar jiya. Ta tanadi kofuna da yawa da ruwan wanki mai sabulu, don kofin da wani ya tsoma cizonsa ba a miƙa wa na bayansa, kuma romon da ya rage a kofi ba ya komawa tukunya. In romo ya fara ja da rana, ta ƙara daga wata tukunyar ƙashi da ta ajiye a gefe tana tafasa, ba ruwan randa ba, don masu saye suna ganewa tun daga tsomin farko.

Malam direba, in ka koma gida wannan karon, ka tsaya wurin mahauci ka ce karfata da ƙwauri, manyan gunduwa, ka riƙo burodi huɗu daga Maraɗi. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa tambayar da mata uku suka aiko a kan man shanun da ke saurin yin ɗaci da zafi.